Da me za a ciyar da ƙwayoyin naman ɗakin gwaji idan an ajiye ruwan jinin ɗan tayi?

Ɗalibi: Assalamu alaikum, malamaina. Ina shirya aikin digiri na biyu a kan renon ƙwayoyin tsokar saniya, irin waɗanda ake hayayyafawa don samar da nama ba tare da yanka ba, kuma mai duba aikina ya ce kada in dogara da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wato FBS, domin kuɗin lita ɗaya kan kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura dubu. Ina neman shawara a kan abin da zan maye gurbinsa da shi.

Dakta: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mai duba aikinka ya yi maka gata. Tsada ɗaya ce daga cikin matsalolin, domin ruwan nan daga zuciyar ɗan tayi ake zuƙo shi a mayanka idan an yanka saniya mai ciki, saboda haka kowace kwalba tana zuwa da halinta, abin da ƙwayoyinka suka yi a wannan watan ba lallai su maimaita shi ba idan ka buɗe sabon kaso. Naman farko da Mark Post na Jami'ar Maastricht ya nuna a Landan a 2013, wanda ya ci kusan yuro dubu 250, da wannan ruwa aka rene shi, kuma tun daga ranar ake yi wa harkar gori cewa naman da aka ce ba a yanka dabba ba ya dogara da mayanka. Shawarata ita ce kada ka nemi abu guda da zai zauna a madadinsa, babu shi. Ka fara da haɗin da aka riga aka wallafa, ka gina a kai. A 2011 ɗakin binciken James Thomson ya fitar da Essential 8, haɗi mai abu takwas kacal, ciki har da insulin, da taransferin mai ɗaukar ƙarfe, da bitamin C, da seleniyom, da furotin biyu masu sa ƙwayoyi su rarrabu, FGF2 da TGF-beta. Daga baya ɗakin Paul Burridge a Jami'ar Northwestern ya sauƙaƙa kuɗinsa ya kira shi B8. Sai a 2022 Andrew Stout da David Kaplan na Jami'ar Tufts suka nuna cewa idan aka ƙara wa B8 abu ɗaya tak, albumin, wato furotin da ya fi yawa a ruwan jini, amma wanda ba daga dabba aka samo ba, ƙwayoyin tsokar saniya suna ci gaba da hayayyafa zubi bayan zubi. Sun sa masa suna Beefy-9, kuma nan nake ganin ya kamata ka fara.

Malama: Na goyi bayan Dakta, amma akwai abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Ruwan jini yana ɗauke da furotin da ke taimaka wa ƙwaya ta manne a gindin kwalba, da zarar ka cire shi sai ka leƙa ta madubin ƙara girma washegari ka tarar ƙwayoyin sun dunƙule suna yawo a cikin ruwa maimakon su shimfiɗu su yi tsawo kamar yadda tsoka ke yi. Dole ka shafe gindin kwalbar da bitironektin ko laminin kafin ka zuba su. Haka kuma masu Beefy-9 sun gano cewa albumin ɗin kansa yana hana mannewa idan aka sa shi tun farko, shi ya sa suke shuka ƙwayoyin a B8 zalla, sai bayan kwana ɗaya su ƙara albumin. Sannan kada ka yaye su dare ɗaya. Ka riƙa rage ruwan jinin sannu a hankali a kowane sauyin kwalba, kana ajiye kwalba ɗaya mai cikakken ruwan jini a gefe domin ka san ko gazawar daga haɗinka take ko daga ƙwayoyin. Ka kuma tausasa hannu da tirifsin, sinadarin da ake ɓamɓaro ƙwayoyi da shi daga gindin kwalba, domin babu sauran ruwan jinin da zai kashe kaifinsa bayan ka ɗago ƙwayoyin.

Injiniya: Ni ta fuskar lissafi zan shigo. Nazarin da Liz Specht ta yi wa Good Food Institute ya sa kuɗin litar Essential 8 a kusan dala 377 a farashin ɗakin gwaji, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na kuɗin nan FGF2 da TGF-beta ne suka cinye shi, duk da cewa abin da ake sawa a lita bai wuce maikurogiram ɗari na ɗaya da maikurogiram biyu na ɗayan ba. Wanda ya guje wa ruwan jini ya sayi waɗannan a farashin magani, ya gudu ne bai tsira ba. Shi ya sa kamfanoni suka bazama neman hanyar da za a samar da su da arha: ORF Genetics a Aisilan tana fitar da su daga ƙwayar sha'ir, BioBetter a Isra'ila daga ganyen taba, Future Fields a Kanada kuwa daga ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace. Ga ɗalibi mai ƙaramin kasafi, idan jami'arku tana da sashen da ke sarrafa bakteriyar E. coli, ku haɗa kai ku samar da FGF2 da kanku, kamar yadda masu B8 suka yi. Ku nemi nau'in da aka gyara don jure zafi, FGF2-G3, domin na asali yana lalacewa cikin awoyi a ma'aunin zafi 37 na inkubeta.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai. Amma Dakta, albumin ɗin da ake samu daga shinkafar da aka gyara shi ma ba arha yake ba, kuma na ga ana buƙatarsa da yawa.

Dakta: Nan ne ainihin gizo ke saƙa. FGF2 kaɗan ake ɗiga shi, albumin kuwa kusan giram guda yake ci a kowace lita, don haka idan ana maganar tanki mai lita dubbai, shi ne zai zama nauyi. Mutanen Tufts sun koma kan wannan a 2023, suka gwada furotin da aka tace daga dusar 'ya'yan mai, ciki har da waken soya da angurya, sai na irin kanola ya yi fice har ya maye gurbin albumin ɗin, suka kira haɗin Beefy-R. A 2024 kuma suka gyara ƙwayoyin saniyar da kansu su riƙa samar da FGF2 ɗinsu. A shekarar 2024 ɗin ce kuma ƙungiyar Yaakov Nahmias ta Jami'ar Ibraniyawa da ke Kudus ta wallafa haɗin da babu komai na dabba a cikinsa a kan santi 63 na dala kowace lita, amma ka lura, ƙwayoyin kaza ne da aka daɗe ana horarwa, ba ƙwayoyin tsokar saniya da ka ciro jiya ba. Ni ina ɗari-ɗari da alƙaluman da kamfani ya sanar ba tare da ya bayyana abin da ke cikin haɗin ba.

Malama: Tun da an ambaci dusar 'ya'yan mai, da ni ce kai da na gwada tunkuza. Gyaɗa a wadace take, kuma tambaya ce da ta cancanci digiri. Sai dai ka auna gubar afulatokzin a kowane kaso kafin ka kusantar da shi ga ƙwayoyi, in ba haka ba za ka ɗora wa furotin laifin da na fumfuna ne.

Malam: Ku ba ni dama in ƙara abin da ya shafi mai ci. A Disambar 2020 Singafo ta amince a sayar da naman kajin ɗakin gwaji na kamfanin GOOD Meat alhali da ruwan jinin ake renonsu, sai a Janairun 2023 ta amince da haɗinsu marar jini. A Satumbar 2023 malamai uku na Saudiyya da kamfanin ya tuntuɓa suka gindaya sharuɗɗa: ƙwayoyin su fito daga dabbar da ta halatta kuma aka yanka bisa shari'a, abincin da ake ba su kuma kada ya ƙunshi jinin da aka kwarara, ko giya, ko wani abu na alade. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta fitar da fatawa mai kama da wannan a Fabrairun 2024. Saboda haka, ɗana, idan wani ya ba ka shawarar ruwan jinin babbar saniya ko na doki a matsayin mafita, kuɗi kawai ya rage maka. Ka bincika tirifsin ɗin da Malama ta ambata, domin wanda aka saba sayarwa daga alade ake ciro shi.

Malama: Gaskiyar Malam ce, TrypLE zai nema, wanda ba daga dabba ake samunsa ba. Ƙanena, ka turo mana jerin abubuwan da ke cikin firjin ɗakinku da farashin da dillali ya ba ku, mu ga wanne za a saya, wanne kuma za ku iya haɗawa da hannunku.