Kwamfutata ta yi nauyi, Disk yana tsaye a 100% ko ban buɗe komai ba

Maman Shago, Samaru

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min da shawara, abin ya fara taɓa min sana'a.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru, nan Zariya. Yawancin aikina furojet ne na ɗaliban ajin ƙarshe, sai katin biki da fotokofi. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta hannu na saya, Core i5 ce, RAM giga 4, had-dis giga 500, Windows 10 a kanta. Ta daɗe tana yi min aiki lafiya lau. Tun bayan ƙaramar salla ta fara wani irin nauyi, kullum kuma abin gaba yake yi.

In na kunna ta da safe, sai na share shago, na goge firinta, na jera takardu, in dawo in tarar ɗigon nan suna ta zagaye. Ko ta buɗe, ina danna Word sai allon ya yi fari-fari ya rubuta Not Responding a sama. Jiya wata ɗaliba ta zo a gyara mata shafi biyu kacal a babi na huɗu, malaminta na jiranta a ofis. Ta tsaya a kaina tana duba agogon waya, daga ƙarshe ta karɓi filas ɗinta ta wuce shagon gaba. Ban ga laifinta ba.

Ɗan yayata ya nuna min Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin da kwamfuta take yi. Wurin Disk yana tsaye a 100%, amma lambobin da ke ƙasa ƙanana ne, 0.1 MB/s, wani lokaci sifili. In ina kwafe fayil zuwa filas, sai ya faro da gudu, ya faɗo sifili, ya jima a nan, ya sake motsawa. Akwai kuma wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, daidai inda nake ɗora hannun hagu. Sai shago ya yi shiru ake jin ta.

Na goge finafinai da hotunan da yara suka tara, yanzu akwai fili fiye da giga 200, babu abin da ya canza. Batirinta kuma ya daɗe da mutuwa, in an ɗauke wuta nan take take mutuwa kafin a tayar da janareta.

Maƙwabcina mai cajin waya ya ce bairos ne, a yi mata fomat. Ni kuma tsoro nake ji, don furojet ɗin mutane na ciki, da duk zanen katunan da na tara, da lissafin masu bashi. Ga lokacin kare furojet ya matso. Fomat zan yi, ko RAM zan ƙara, ko kuwa ta gama yayi ne in fara neman kuɗin wata?

Ɗan Kwaleji

Wa alaikumus salam Anti. Wannan 100% ɗin ya zama ruwan dare a kwamfutocin da ke da giga 4. Ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta services.msc, ki nemo SysMain ki kashe shi, haka Windows Search. Ki shiga Startup a Task Manager ki kashe tarkacen da ke tashi da kansu. In kina da maganin bairos biyu ki cire ɗaya, don tare suke bin kowane fayil suna dubawa. Daga nan ki yi chkdsk /r, ki yi Defragment. Tawa da haka ta dawo daidai.

Injiniya daga Kano

Hajiya, ki dakata tukuna. Kada ki yi fomat, kada ki yi chkdsk /r, kada ki yi Defragment, sai kin kwashe kayanki.

Ƙanena Ɗan Kwaleji, rabin maganarka daidai ce. Kashe abubuwan Startup da cire maganin bairos na biyu duk suna rage wa lafiyayyen faifai nauyi. Amma ka sake karanta abin da ta rubuta: ƙara, kwafi yana faɗuwa sifili yana tashi, 100% alhali abin da ke wucewa bai kai mega ɗaya ba, ga mutuwar farat ɗaya kullum. Ni in aka ajiye min irin wannan a kan teburi, had-dis nake fara zargi kafin bairos.

Ga dalilina. A cikin had-dis akwai faifai mai juyawa, na laftof yawanci sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai a bakinsa wanda ke karantawa, kamar garmaho da allurarsa, sai dai shi wannan kan ba ya taɓa faifan, a kan iska yake shawagi, tazarar da ido ba zai gani ba. In wani gurbi a faifan ya lalace, kan zai karanta ya kasa, ya sake, ya sake. Duk wannan lokacin Windows jira take yi. Shi 100% ɗin nan ba cikar faifai yake nufi ba, shi ya sa goge finafinai bai yi miki komai ba. Yana nufin faifan bai huta ba ko daƙiƙa ɗaya. To aiki ba hutu, amma abin da ke fitowa 0.1 MB/s, alhali lafiyayyen irinsa yana iya ba ki mega 80 zuwa 100 a daƙiƙa in babban fayil ne, kin ga akwai magana.

Ita chkdsk /r bin faifan take yi gurbi-gurbi daga farko har ƙarshe, sa'o'i tana yi. Defragment kuwa ɗaga fayiloli take tana sake rubuta su. Faifan da ke kan gargara, wannan wahalar na iya ƙarasa shi da kayanki a ciki. Na sha ganin wanda aka kawo min yana buɗewa da ƙyar, aka ce bari a gwada gyara a gida tukuna, aka dawo da shi ko a BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ba a ganinsa.

Abin da za ki yi yau: ki samo filas mai girma ko had-dis na waje. Ki fara da abin da in ya ɓata za ki shiga uku, wato furojet ɗin da ba a karɓa ba da lissafin bashi. Folda-folda za ki kwafa, kada ki ɗebo duka lokaci guda. In ya maƙale a kan wani fayil, ki danna Skip ki wuce, ki rubuta sunansa a takarda. Ki yi wannan a kan janareta ko inda kika tabbata wuta ba za ta yanke ba, kuma kada a ɗaga laftof ɗin ko a buga teburin tana aiki.

Bayan kin gama, ki sa ɗan yayarki ya sauko miki da CrystalDiskInfo, kyauta ne, ƙarami ne. Had-dis yana ajiye bayanin lafiyarsa da kansa, ana ce masa S.M.A.R.T., wannan manhajar karanto shi kawai take yi. Ki faɗa mana launin da ya nuna, da abin da ke layin 05, C5, C6 da C7. Ki kuma duba Average response time a Task Manager, ƙarƙashin Performance.

Maman Shago, Samaru

Injiniya Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Ɗan Kwaleji kai ma na gode.

Na rufe shago da wuri na zauna a kan kwafin. Furojet ɗin bana duk sun fita, alhamdulillahi, da lissafin bashi. Foldar katunan biki ce ta ba ni wuya. Tana kaiwa kan wani zanen kati sai komai ya tsaya, ƙarar nan ta yi ta maimaituwa, ƙas-ƙas, shiru, ƙas-ƙas, sannan ya fito da saƙo mai cewa cyclic redundancy check. Na danna Skip kamar yadda ka ce. Kaɗan ne suka ƙi, kuma tsofaffi ne, zan iya sake zana su.

CrystalDiskInfo ya nuna Caution, launin rawaya. Akwai ɗigon rawaya a 05 da C5. C6 da C7 shuɗi ne. Zafi ya nuna 49. Shi kuma response time ɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana haura 3,000 ya sauko.

Yanzu mene ne abin yi? Akwai manhajar da ke gyara wannan rawayar? Wani ya ce min akwai. Gaskiya kuɗin sabuwar kwamfuta ba ni da shi a yanzu, haya ma na gabana.

Injiniya daga Kano

Madalla Hajiya, mai wuyar kin riga kin yi.

05 shi ne adadin guraben da suka lalace har faifan ya daina amfani da su ya koma kan na ajiya da aka tanadar masa tun daga masana'anta. C5 kuwa guraben da ya kasa karantawa ne, yana jiran ya ga ko za su karantu. Su ne suka riƙe miki katunan nan. Da C7 ne kawai ke hawa, da na ce a duba mahaɗar faifan, wataƙila ta saki ko ta yi datti, gyaran minti goma. Amma naki a jikin faifan ne. Shi kuma 3,000 ɗin nan daƙiƙa uku ke nan kafin ya amsa kira ɗaya, alhali lafiyayye a 'yan gomomi yake yawo.

Manhajojin da ake cewa suna gyarawa, abin da suke yi shi ne tilasta wa faifan ya rufe gurbin da ya lalace ya ɗauko na ajiya. Lambar C5 na iya sauka, ki ga kamar an warke. Saman faifan da ya lalace bai dawo ba, kuma wanda ya fara irin wannan yawanci ci gaba yake yi. Ban yarda ki ɗora amanar mutane a kansa ba.

Ba kya buƙatar sabuwar kwamfuta. SSD za ki saya, wato sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin had-dis, mai inci 2.5 da mahaɗar SATA, girmansa ɗaya da wanda za a cire, a gurbinsa zai zauna. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, yana kaiwa wajen mega 500 a daƙiƙa, kuma wurin buɗe ƙananan fayiloli irin na Word ne ma za ki fi ganin bambancin. Tunda bayan goge-goge abin da kike amfani da shi ya haura giga 250, ki nemi mai 480 ko 512. In kuɗin bai kai ba, mai 256 ya isa Windows da aikin yau da kullum, tsofaffin kaya su zauna a waje. Farashi ba zan faɗa ba, don dala yake bi.

Mai gyara zai iya ce miki zai kwafe tsohon gaba ɗaya zuwa sabon. A lafiyayyen faifai hakan na da kyau. A naki, a sa Windows sabuwa fil, a mayar da fayilolin da kika kwashe. Ki tanadi saitin firintarki da salon rubutun da kike yin kati da su, su ne mutane ke mantawa sai an gama a fara nema.

RAM kuwa, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai na ɗan lokaci, giga 4 ya yi kaɗan. In ya cika, Windows kan faifai take jibge ragowar, wannan ma ya ƙara wa tsohon naki wahala. Ki mayar da shi 8 in hali ya yi, amma SSD ne farko.

Mai Hoto, Kaduna

Hajiya sannu da ƙoƙari. Abu biyu zan ƙara a kan na Injiniya.

Za ki ji masu cewa a naɗe had-dis a leda a sa a firji. Kada ki yarda. In aka fito da shi raɓa ce ke kwanciya a ciki, ƙarasa shi take yi.

Sai wurin sayen SSD. Akwai na jabu, akwai tsoho da aka sake wa kwali. Kada ki bar shagon sai an haɗa shi an buɗe wannan CrystalDiskInfo ɗin a gabanki. Ki duba Power On Hours. Sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan sa'o'i ba. Ki karɓi rasit mai lambar jikinsa.

Kuma don Allah ki sayi batir, ko wanda zai riƙe minti ashirin ne. SSD ma ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. In an buɗe ta, a hure ƙurar fankar gaba ɗaya, 49 ba ta kai haɗari ba amma in zafin Afrilu ya zo za ta haura.

Maman Shago, Samaru

Na gode ƙwarai. An sa mai 512, da batir. RAM sai ƙarshen wata in masu bashi sun biya. Yanzu kafin in gama ɗaura labulen ƙofa ta buɗe, Disk kuma yana wasa tsakanin 0 da 5%. Ɗalibar nan ma ta dawo da babi na biyar.

Saura tambaya ɗaya. Mai gyaran ya ce in bar masa tsohon faifan ya rage min kuɗin aiki, ko kuma ya sa min shi a ɗan akwati mai USB in riƙa ajiya a ciki. Wanne ya fi?

Injiniya daga Kano

Ko ɗaya, Hajiya. Ki karɓo abinki. Akwai sunaye da lambobin ɗalibai da hotunan amare a ciki, kuma goge fayil ko fomat na gaggawa ba sa hana a dawo da su. Ajiya kuma ba a yin ta a faifan da ya riga ya nuna rawaya. Ki sa shi a leda ki jefa a durowa na 'yan watanni, ko za ki tuna wani fayil da kika manta. In kin tabbata babu, a kwance shi a fasa faifan.

Wurin ajiya ki ware filas ɗaya wanda ba ya shiga kwamfutar kowa, ki riƙa kwafa duk ranar Juma'a kafin ki rufe, furojet ɗin da ke hannu kuma ki tura su Google Drive, giga 15 kyauta ne, fayilolin Word ba za su cika shi da wuri ba. SSD in zai mutu ba ya yin ƙas-ƙas ɗin da ya ankarar da ke wannan karon.

Ki kuma tambayi mai gyaran wace Windows ya sa miki. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ke kuma filas ɗin kowa shiga kwamfutarki yake yi. Ki rubuto min cikakkiyar lambar Core i5 ɗin, in duba miki ko za ta ɗauki Windows 11.