Jijiya ɗaya ba ta isa ba: me za mu kira artery da vein?

Jama'a, kalmar jijiya ta gaji da dako. Mai ɗauke da jini jijiya ce, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya ce, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. A hira ba komai. Amma ranar da za ka yi wa ɗalibi bayanin yadda jini ke zagaya jiki, sai ka tarar manyan hanyoyin jinin iri biyu ne. Turawa na ce wa ɗaya artery, ɗayar vein, mu kuwa duk "jijiyar jini".

Abin da na fi gani ana rubutawa shi ne "jijiyar jini mai kyau" da "jijiyar gurɓataccen jini". Ban yarda da su ba, ga dalili.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama ke karɓar jinin da ya gama rabon iskar oksijin a jiki, ya tura shi huhu. A can ya sake cika da oksijin, ya dawo ɓangaren hagu, wanda ke harba shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Wannan ratse ta huhu, Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya riga ya bayyana shi. To, hanyar da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu artery ce, alhali jinin cikinta shi ne wanda ake kira gurɓatacce. Masu dawo da shi daga huhu cike da oksijin kuma vein ne. Kun ga suna ya faɗi warwas.

Abin da ya raba su shi ne inda jinin ya nufa, kuma a nan Hausa ba ta bukatar aro: muna da kai da kawo, koma da komo. Idan muka tsaya a zuciya, artery ita ce jijiyar fitarwa, vein kuma jijiyar maidowa. "Jijiyar kai jini" ma ta yi, sai dai da an gajarta ta a baki za ta zama jijiyar kai, a ɗauka ciwon kai ake nufi.

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa. Wannan bal-bal da kake ji, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutawa, jijiyar fitarwa ce, mai kaurin bango saboda ƙarfin turin zuciya. Idan ta yanke, jini tsartuwa yake yi. Waɗanda kake gani kwance a bayan hannu, har ake soka musu allura, na maidowa ne, jininsu kwarara yake yi a hankali. A cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa gefe guda kawai, don kada jini ya koma baya. Da su likita William Harvey na Ingila ya kafa hujjar cewa jini zagaya jiki yake yi, a 1628: ya ɗaure dantse har jijiyoyi suka kumbura, ya danne ɗaya da yatsa ya matse jininta zuwa sama, sai ta zauna fayau har ya ɗaga yatsan. Su ƙofofin, ni bawul zan ce musu. Duk wanda ya taɓa ba taya iska ya san aikin bawul.

Tsakanin fitarwa da maidowa akwai capillaries, 'yan ƙananan hanyoyin jini masu haɗa su, waɗanda Harvey bai gani da ido ba, sai likitan Italiya Marcello Malpighi a 1661 cikin huhun kwaɗo. Don siranta, jajayen ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya suke bi ta ciki. Ina ganin silin jijiya ya dace da su.

Saura aorta, babbar jijiyar fitarwa da ke tasowa daga ɓangaren hagu. Na karkata ga uwar jijiya. Malamai da ma'aikatan lafiya, ku da kuke wannan bayani kullum, me kuke ce mata?