Neman shawara: na shiga Vim na kasa fita

Wani ɗalibi daga Garwa:
Assalamu alaikum malamaina. Ina koyon aiki da Linux, wato wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, jiya kuma malaminmu ya sa ni gyara layi biyu a wani fayil ta cikin Vim, manhajar gyara rubutu. Da na fara bugawa sai haruffan suka ƙi fitowa, wasu layuka ma suka ɓace, ban kuma san ta inda zan fita ba har aka ɗauke wuta. Yau da na sake buɗe fayil ɗin sai ga gargaɗi a kan wani fayil mai ƙarewa da .swp. Don Allah a nuna mini mafita, amana aka ba ni.

Wani malami daga Ngaundere:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka. Abin da ya rikita ka shi ne Vim yana buɗewa ne a yanayin umarni, inda kowane harafi aiki yake yi, shi ya sa idan ka buga d sau biyu layi guda ya tafi. Idan kana son rubutu ka danna i, ko o domin sabon layi a ƙasa, da ka gama kuma ka danna Esc ka koma yanayin umarni. Daga nan :w yana adanawa, :wq yana adanawa ya fita, amma :q! yana fita ya watsar da duk abin da ka taɓa, wanda shi ya kamace ka jiya. Harafin u yana mayar da abin da ka ɓata, ka riƙe shi da kyau. Wannan tsari gado ne daga tsohuwar manhajar vi da Bill Joy ya rubuta a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka, a kan na'urar da aka zana kibiyoyi a maɓallan h, j, k da l, dalilin da ya sa har yau da su ake yawo hagu, ƙasa, sama da dama.

Wani ma'aikacin kwamfuta daga Injamena:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara batun gargaɗin. Wancan fayil na .swp ajiya ce da Vim ke yi yayin da kake aiki, ɗauke wuta ne ya bar shi a baya. Tunda ɓarna ce kawai a cikinsa, ka zaɓi D a gargaɗin a goge shi, asalin fayil ɗinka yana nan lafiya muddin ba ka buga :w ba. Ranar da aikin kirki ne ya katse kuwa, vim -r da sunan fayil zai dawo maka da shi. Ka kuma lura cewa a allon maɓallai na AZERTY, irin na Faransanci, da muke amfani da shi nan da Kamaru, lambobi sai da Shift, don haka umarni irin 3dd mai goge layi uku yana bukatar kulawa.

Wata malama daga Marwa:
Ɗana, ka buga vimtutor fr a wajen Vim, inda kake buga umarnin Linux, darasi zai fito da Faransanci, kusan rabin awa ya isa. Ka yi shi a kan kwafin da yake ba ka kafin ka sake taɓa fayil ɗin malaminku.

Ɗalibin:
Na goge ajiyar, layukan duk suna nan, na gyara biyun na fita da :wq. Allah ya saka da alheri.