Wai me ya sa likita ba ya yarda ya rubuta takardar hutu da kwanan baya?

Abban Sadiq, Rigasa:
Salam 'yan uwa, dan Allah likitocin da ke nan ku fahimtar da ni. Ƙanina yana aiki a wani kamfani a Kakuri, zazzaɓi ya kwantar da shi a gida ya yi ta shan maganin kemis har ya samu sauƙi, da ya koma aiki oga ya ce ko ya kawo takardar asibiti ko a yanke albashi. Ya je ya yanki kati, likita ya ce shi ba zai sa kwanan baya ba. To miye a ciki? Yaron nan wlh ya sha jiki, ba ƙarya ba ne.

Likitan Unguwa:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq, Allah ya ƙara masa lafiya. Ba wai an ƙaryata shi ba ne, matsalar ita ce sa hannun nan shaida ce, ina cewa na duba mutumin nan ranar kaza na ga ba zai iya aiki ba, to wanda ban gani ba sai bayan ya warke me zan shaida? In magana ta tashi hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci a Najeriya lasisina za ta taɓa, ba na kemis ba. Iyakar abin da zan iya shi ne in rubuta cewa ya zo yau kuma ya faɗa min ya yi ciwo, sai dai yawancin ofisoshi ba sa karɓar wannan.

Kuma gsky wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ciwon da gwaji ba ya nunawa, ciwon baya, ciwon kai na ɓari ɗaya, damuwa, mutum yana zaune gabanka jini lafiya hoto lafiya amma yana ce maka ba ya iya miƙewa, ga layi har bakin ƙofa, cikin 'yan mintuna za ka yanke ko kwana nawa za ka ba shi. Ka hana mai gaskiya ka zalunce shi, ka ba wanda biki zai tafi Zariya ka zama maƙaryaci. Ban da waya daga gida, wai ɗan Hajiya wance ne a taimaka masa.

Malam Admin:
Dokta mu ma fa masu karɓar takardun nan a ofis muna da uzuri. Dokar ƙwadago ta Najeriya sashe na 16 hutun ciwo na kwanakin aiki 12 ta ba ma'aikaci a shekara da albashinsa, amma da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon, shi ya sa muke nacewa. Takardun bogi kuma sun yi yawa, hatimi kowa na iya sassaƙawa. Ku dai ku riƙa rubuta sunan ciwon ƙarara mu huta.

Likitan Unguwa:
A'a Malam, nan ne ba za mu shirya ba. Ciwon mutum sirrinsa ne sai in shi ya yarda. Matar da ta yi ɓari ko mai tarin fuka, kana so fayil ɗinsa ya zaga ofis? Abin da ya shafe ku shi ne ba zai iya aiki ba daga ranar kaza zuwa kaza. In kuna kokwanto ku aiko wasiƙa asibiti a tabbatar muku takardar daga nan ta fito.

Maman Hanifa, Kawo:
Dokta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Akwai masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da sun gwammace a yanke musu albashi da su kai takarda mai sunan wurin, don kar a fara ce musu mahaukata. Su kuma masu sikila kwana 12 ɗin nan tashin ciwo ɗaya ko biyu sai ya cinye. Abban Sadiq ka ce wa ƙanin naka ya karɓi irin takardar da dokta ya faɗa ya haɗa da rasit ɗin kemis in yana da shi, ya samu ogan da kansa ya roƙe shi.