Wa ya taɓa yi wa tsohuwar laftof obakulok da hannunsa?

Ɗan_Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata tsohuwar laftof da yayana ya bar min, furosesa i5-2520M ce a ciki, RAM 4GB, had dis ɗinta ma na asali ne ba a taɓa canzawa ba. Da ita nake haɗa ɗan bidiyon biki da suna ina samun na cefane, to matsalar da zarar na fara fitar da bidiyo sai fanka ta kama ihu ita kuma ta dinga jan ƙafa har mai aiki ya gaji da kirana. Na ga turawa a YouTube suna ƙara wa furosesa gudu, wato obakulok, na shiga BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) na duba lungu da saƙo babu abin taɓawa sai saita lokaci da inda za ta tashi. Dan Allah wanda ya taɓa yi da kansa ya ba mu labari, banda wanda ya ji an ce.

Mai_Sukundireba: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka huta da neman wajen, babu shi. Gudun furosesa lissafi ne, agogon bod sau ninki, naka 100MHz sau 25 shi ne 2.5GHz ɗin da aka rubuta. Ninkin a kulle yake tun daga kamfani, shi kuma 100 ɗin tun daga wannan zubi na 2 na furosesan Intel, na 2011, aka ɗaure shi da su USB da layin had dis, ka ɗaga shi kaɗan komai ya rikice. A zubin naku sai masu XM a ƙarshe irin i7-2920XM ne a buɗe. Amma tsaya, kai ka tabbata ma tana ba ka gudun da aka sayar maka? Don wannan furosesan da kanta take hawa 3.2GHz idan ta samu sanyi. Sauke CPU-Z da HWMonitor, manhajojin da ke nuna gudu da zafi, ka sa ta aiki, ka faɗa mana me ka gani.

Tsohon_Hannu: Yaran yanzu kun makara, lokacin da abin yake da daɗi ya wuce hhh. Ni na yi, kuma ya yi aiki. Dell Latitude D610 ce, na ciro Pentium M 725 daga wata matacciyar laftof, ita 1.6GHz ce, 100 sau 16, shi kuma bod ɗin D610 yana iya 133. Sai ka fere waya ka zaro silin tagulla ɗaya siriri kamar gashi, ka lanƙwasa shi ka zura a ramuka biyu na soket ɗin, ka mayar da furosesa a kai ka kulle, bod ya ɗauka ai mai 133 aka sa masa, 133 sau 16 sai ga 2.13GHz a sikirin. Ranar da tocila a baki na yi aikin hannuna yana rawa don in ka kuskure rami shikenan. Na daɗe ina aiki da ita a haka a shagon buga takardu, CorelDraw ta dinga buɗewa da wuri, kuma zafin bai wani tashi sosai ba tunda ban ƙara boltej ba. Wannan dabarar ta mutu da zamaninta, kar wani ya je ya cusa waya a soket ɗin i5 ya ce ni na sa shi.

Mai_Sukundireba: Baba ai ku ne malaman, mu tsintar ragowa muka yi.

abba_linux: Nawa labarin ba daɗi gsky. Ba tawa ba ce, ta abokin ɗakina ce a makaranta, Core 2 Duo T7300 mai 2.0GHz, muka buɗe ta muka karanto lambar ɗan cif ɗin da yake ba da agogo don SetFSB, manhajar ɗaga agogon bod, sai ka zaɓar masa lambar daidai yake aiki, da yawa ma a kulle cif ɗin yake ko ka zaɓa ba ya motsi, tamu dai ta motsa, daga 200 muka kai 220 ta nuna 2.2GHz muna ta murna. Abin da yake faruwa shi ne RAM ma tana tashi tare da shi, to tata ba ta ɗauka ba, ba ta mutu nan take ba, a hankali ta dinga ɓata fayil, yau shuɗin sikirin gobe zip ya ƙi buɗewa, ƙarshe Windows ta ƙi tashi ana saura kwanaki a miƙa furojet. Kashi goma cikin ɗari aka ƙara, wlh a aiki ko alamarsa ba ka ji. Daga baya ya sa mata SSD, wannan kam ko makaho ya ga bambanci.

Maman_Twins: Ni ban san wani obakulok ba amma bari in faɗi nawa ko zai yi maka amfani. Tawa ce ta koma kullum 0.79GHz a Task Manager ko Word sai ta yi tunani kafin ta buɗe, na yi fomatin ba canji, na ɗauka tsufa ne har na fara tambayar kuɗin wata. Ashe caja ce. Ta asalin ta ƙone lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi na sayi wata a bakin titi, irin mai allura a tsakiyar baki ɗin nan, laftof ɗin ba ta gane ta ba sai ta rage wa kanta gudu. Ƙanena ya aro ta asali aka jona, nan take ta dawo hayyacinta.

abba_linux: Anti wannan akwai maganinsa a manhajar ThrottleStop, ka cire alamar BD PROCHOT, wato siginar da bod ke umartar furosesa ta rage gudu da ita, kawai ta saki.

Mai_Sukundireba: Wani lokaci yana saki, amma ni ba na yi wa kwastoma sai na ga wat nawa cajar take. Idan jabu ce mai rubutun 90W alhali cikinta ba komai, ka saki furosesa ta ja wuta son ranta, cajar ce za ta narke a kan katifa.

Zinder_Tech: Gaisuwa daga Damagaram. Ni tawa i7-4700MQ ce, zubi na 4, kuma ita ana iya ƙara mata 200MHz a kan tabo ɗinta (turbo, ƙarin gudun da take hawa da kanta) da manhajar Intel XTU ko ThrottleStop, halal ne kamfani ya bar ƙofar. Na ƙara. A watan Disamba da sanyi lafiya lau, da Afrilu ya shigo ɗaki ya haura 40 sai ta taɓa casa'in da wani abu ta ja da baya har ƙasa da inda take a da. Abin da ya yi mini aiki akasin haka ne, rage boltej kaɗan-kaɗan, ina ragewa ina gwadawa da Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, in ta daskare in koma baya taki ɗaya. Zafi ya sauka, ta riƙe gudunta har ƙarshen aiki. Sai dai naka Ɗan Kurna zubi na 2 ba ya karɓar wannan, daga na 4 ne ake yi, su kuma sababbi da yawa an rufe musu a BIOS bayan matsalar tsaron Plundervolt ta 2019.

Ɗan_Kurna: Tohm na dawo. Oga Mai Sukundireba ka yi gaskiya, ina fara fitar da bidiyo HWMonitor ya nuna 97, gudun ya faɗo ƙasa da 2GHz. Na kai ta titin Beirut a Kano wajen masu gyara aka buɗe a gabana, tsakanin fanka da haƙoran hitsink, wato ƙarfen da ke janye zafi, ƙurar hunturu ta dunƙule ta toshe wajen gaba ɗaya sai da yaron ya sa tsinke ya ɓanɓaro ta guda, man furosesan kuma ya bushe yana farfashewa. Aka goge aka shafa sabo. Yanzu tana tsayawa a 3.0GHz ba ta sauka, zafin wajen 80. Amma mai gyaran yana ta zuga ni wai in cire ta in sa i7-2630QM mai ƙwaya (core) huɗu tunda tawa ta soket ce ba like take da bod ba, ya kuke gani?

Mai_Sukundireba: Shiga za ta shiga in BIOS ɗinka ya san ta, kuma a fitar da bidiyo ƙwaya huɗu ba wasa ba ce. Sai dai 45W ce, taka 35W, hitsink ɗinka don 35 aka ƙera shi, ga shi zafi na tafe. Ka ce ya sa maka a shagon ka fitar da bidiyo guda cikakke kana kallon HWMonitor kafin ka ba shi ko sisi. Kuma juya cajarka ka karanto min, 65W ce ko 90W?