Ina za mu kai yara su ga kumurci da kasa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Tun ranar Asabar da wani gardi ya zo bakin kasuwar Sabon Gari a nan Zariya da macizai cikin kwando, Khalifa ya hana ni sakat, wai sai na kai shi ya ga kumurci. Ni kuwa gabana faɗuwa yake in na ga yara sun zagaye gardi yana rataya maciji a wuya. Wane gidan zoo ne za a kai yaro ya kalle su cikin aminci?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ki kai shi gidan zoo na Audu Bako a Kano. Ki hau mota a Kwangila da sassafe, kafin la'asar kin gama kallo kin kamo hanyar gida. Da na kai nawa yaran mun ga mesa, ta naɗe wuri guda kamar gammo, Ummi ta yi ta tambaya ko tana da rai. Amma ki sa wani na Kano ya leƙa tukuna ya tambayi masu kula da wajen irin macizan da ke akwai yanzu, kada ki yi wa yaro alkawarin kumurci ku je ku tarar da mesa kaɗai.

Hajiya Tudun Wada: Ni dai Allah Ya raba ni da kallon maciji. Amma ki kai shi, ya fi ya riƙa bin gardawa.

Yaya Sani: In akwai hali, Ibadan. Na yi bautar ƙasa a can, kuma gidan zoo na Jami'ar Ibadan, wanda ya samo asali tun 1948, yana da ɗaki na musamman na masu jan ciki. A nan na fara tsayawa gab da maciji mai fasa kai, gilashi ne kawai tsakaninmu. Ya ɗago rabin jikinsa, wuyan ya baje kamar ludayi, na matsa hagu ya bi ni da kai, na matsa dama ya bi ni. Idon ko ƙiftawa ba ya yi, daga baya aka ce mini ai maciji ba shi da fatar ido. Tafiyar ce dai da nisa, sai lokacin dogon hutu.

Maman Khalifa: Ibadan ta yi mana nisa Yaya Sani. Jos fa?

Baban Ummi: Jos ma ba laifi, akwai ƙaramin zoo kusa da gidan tarihi, ga kuma babban wurin namun daji. Sai dai kada ki je da hunturu, sanyin Jos kan sa su lafe a lungu ba ki ga komai.

Malam Lawal: Maman Khalifa, ki ba ni dama in ƙara wani abu, tunda shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi a aji. Kada tafiyar ta tsaya ga kumurci don shi ne mai ban sha'awa. Ki nemi a nuna masa kasa da kububuwa, ko da a hoto ne in babu su a keji. Kasa gajeriya ce mai kauri, launinta kamar busasshen ganye, ba ta gudu, kwanciya take a kan hanya har a taka ta. Kububuwa kuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, ba ta kai tsawon hannu ba, amma ita ce ta fi kashe manoma a ƙasar nan. In ta ji motsi takan goga jikinta da jikinta, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Yaron da ya san wannan sautin, ranar da ya je gona ƙauye zai ja da baya. Sannan ki hana shi buga gilashi. Girgiza suke ji sosai, bugun yana wahalar da su, wani ma har ya kai sara ya fasa baki.

Anti Rabi: Malam ya faɗi gaskiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga aikin kububuwa da idona: dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya zo yana tafiya da ƙafarsa, kwana ɗaya sai dasashi ya fara zubar da jini. Kuma ku sani, a nan Zariya aka yi babban bincike a kan wannan. Farfesa David Warrell, Baturen Ingila, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, yana duba masu saran maciji. Yau kuma Kaltungo a jihar Gombe ce ta yi suna da asibitin saran maciji. Don Allah in tsautsayi ya faɗa, ban da tsaga wurin, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da mutum, a cire zobe ko awarwaro, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Yaya Sani: Anti, shi kumurci da ake cewa yana tofi fa?

Anti Rabi: Yana yi, ido yake nema, kuma tofin kan kai mita 2. In ya samu ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kada a murza, sannan a tafi asibiti. Shi ya sa in keji na waya ne ba gilashi ba, ki riƙe hannun Khalifa ku tsaya nesa.

Hajiya Tudun Wada: To su gardawan da ba ya sarinsu?

Malam Lawal: Hajiya, da yawa ana cire wa macijin haƙoran dafi ne, kuma haƙoran suna sake tsirowa. Abin da ya sa nake tsoratar wa yaran da ke layin gaba ke nan.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kano za mu fara. Ƙanena yana Sabuwar Gandu, zan sa ya je gobe ya tambayo.

Baban Ummi: In ya tabbatar akwai, ki sanar a nan. Ummi da ƙanenta za su bi ku, mu haɗa kuɗin mota.

Malam Lawal: Ni kuma zan turo hoton kasa da kububuwa yau da daddare, ki nuna masa kafin ku tafi.