Abin da yara suka kamo a tafki, jatan lande ne ko ba shi ba ne?

Ɗan Birni: Slm jama'a, ku duba bidiyon nan. Yara ne suka ɗebo su a tafkin bayan gari da ya cika da ruwan damina, na zuba su a buteli. Ni dai na ce jatan lande ne, irin busasshen nan da ake kawowa daga Najeriya ana aunawa a kasuwar Dole, namu dai ƙanana ne kawai. In haka ne me zai hana mu yi kiwonsa a nan Damagaram?

Hajiya ta Zango: A'a ɗana, jatan lande abin teku ne, ina sayensa ina dakawa a miya tun ba a haife ka ba, daga kudu yake zuwa wajen su Kalaba da Oron. Ina teku a Damagaram?

Ɗan Birni: Hajiya ki dai ƙara kallo, ga jiki gaɓa-gaɓa ga idanu a waje ga wutsiya, me ya rage?

Mushen kimiyya: Ƙanena na kalla har na maimaita, kuma wlh na ji daɗi da ka ɗauka don yaranmu a lakwal a littafi kawai suke ganin irin wannan. Amma ba jatan lande ba ne. Lura da yadda suke iyo, a rigingine suke, ciki sama baya ƙasa, ga ƙafafu masu faɗi jere suna kaɗawa ba tsayawa, in ka ƙirga za ka samu 11 kowane gefe, kuma ba su da ɓawon nan mai tauri da ke rufe kai da ƙirji. Waɗannan rukunin Anostraca ne. Shi jatan lande na gaskiya yana cikin Decapoda tare da ƙaguwa, ƙafafun tafiya 10 gare shi, biyar kowane gefe, da ɓawo, da tsini a goshi wanda galibi yana da haƙora-haƙora. Dangi ne amma na nesa sosai.

Hajiya ta Zango: To kun ji, ai na faɗa.

Mushen kimiyya: Hajiya a yi mini afuwa, rabin maganarki ce ta tsaya. Wanda kike dakawa daga bakin teku yake kam, amma akwai na ruwan daɗi sosai a Afirka, manyan gidajensu biyu. Akwai Palaemonidae, cikinsu Macrobrachium, shi ana gane shi da ƙafa ta biyu da ta yi tsawo ta yi ƙaton hantsaki, musamman namiji. Sai Atyidae, su Caridina da Atya, su kuma a bakin hantsakinsu akwai gashi kamar 'yar tsintsiya da suke share abinci ko su tace shi daga ruwa. Caridina nilotica tun 1833 aka bayyana shi daga kogin Nilu, kuma a tafkin Biktoriya ƙananan giwan ruwa da shi suke ƙoshi.

Baba Masunci: Mushe ya yi gaskiya. Na yi kamun kifi a tafkin Chadi wajen Bosso, in ka ja koma cikin ciyawar ruwa sai ka ga ƙanana fal suna tsalle da baya, jikinsu garau kana ganin cikinsu, in an fede kifi ma ana tarar da su a tumbi. Ba mu kula su don ba kuɗi a ciki. Amma ban taɓa ganin ɗaya yana iyo a rigingine ba, wancan na butelin daban ne.

Ɗan Birni: To Baba in akwai a Chadi me ya sa ba za a samu a namu ba? ruwa ai ruwa ne. Ni fa ban gamsu ba, ƙila 'ya'ya ne ba su gama girma ba shi ya sa ɓawon bai fito ba

Ɗalibar jami'a: Yaya ka duba wasunsu da kyau, akwai masu 'yar jaka doguwa a gindin ciki cike da ƙwai, ɗa ba ya ɗaukar ƙwai ai, sun gama girma ke nan a santimita 2 ko 3. Macen jatan landen ruwan daɗi ita a ƙarƙashin ciki take riƙe ƙwanta manne da ƙafafun iyo har su ƙyanƙyashe. Akwai ma wata alama da aka koya mana ta duk rukunin Caridea, wato rukunin da su Macrobrachium da Caridina suke ciki, ɓawon gaɓa ta biyu ta ciki yana hawa kan ta farko da ta uku duka. Naka ba ɓawon ma balle a duba.

Mushen kimiyya: Madalla ƙanwata. Sannan tambayarka ta ruwa ai ruwa ne, tafkin da ke ƙafewa ƙurmus da rani jatan lande ba zai rayu a ciki ba, in ruwa ya tafi ya mutu shi da ƙwansa. Manyan ma irin Macrobrachium vollenhovenii na kogunan Afirka ta Yamma 'ya'yansu sai sun samu ruwa mai ɗan gishiri a bakin teku kafin su hauro. Su kuwa na butelinka ƙwansu na iya kwana cikin busasshen taɓo shekara da shekaru, ruwa na sauka su fashe, cikin 'yan makonni sun girma sun zuba wani ƙwan kafin tafki ya ƙafe.

Ɗan Birni: Ke nan maganar kiwo ta mutu?

Mushen kimiyya: Ta jatan lande a wannan tafkin kam eh. Amma na butelinka suna da ɗan uwa mai suna Artemia, da shi ake ciyar da 'ya'yan kifi a gidajen ƙyanƙyasa, don haka masu kiwon tarwaɗa za su so su san da su. Dan Allah kar ka zubar, ka bar bakin butelin a buɗe cikin inuwa, gobe in an tashi lakwal zan biyo da gilashin ƙara girma mu ƙirga ƙafafun tare.

Ɗan Birni: Ina jiranka Mushe, amma sai na ƙirga da idona.